Tsohuwar Barandar Coci a Anacha

Alhamis da dare, Tudun Wada, Gusau

Tun la'asar na dawo daga Anacha, amma barci ya ƙi zuwa.

Shekaranjiya bayan mun sauke wake, ruwan sama ya kore ni daga bakin kogi, na fake a barandar babban cocin Katolika. Na leƙa ciki, ba kowa sai kyandirori suna ci, ga wani sanyi kamar na rijiya.

Ina waya da direbanmu sai wata tsohuwa makauniya da ke kan benci ta ɗago kai. Da Hausa tsaf ta ce, "Malam Garba, yau ka makara."

Na ce, "Mama, ba shi ba ne."

Ta yi dariya. "Wa za ka ruɗa? Na san muryarka. Duk ranar ruwa nan kake fakewa, kana ba ni labarin gonarka ta Wanke da ɗanka Bello."

Ni ne Bello. Shekara goma sha tara ke nan da Baba ya kai shanu Anacha, aka ce kwalekwale ya kife da su. Ba a ga gawa ba, amma har sadakar arba'in mun yi.

Na tambaye ta yaushe rabonsa da zuwa. Ta ce Juma'ar da ta wuce. Na zauna har magariba, ba wanda ya zo.

Ban iya gaya wa Inna ba. Motarmu za ta koma ranar Asabar, na ce a ajiye mini wuri. Allah ya sa a yi ruwa.