Inna, Na Kawo Sahabi Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Lawali, autanki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma labarin ga ke ya kamata ki fara ji: Yaya Sahabi ya dawo Gangara.

Kin san yadda ya tafi Ikko ci-rani tun ina yaro, anka daina jin ɗuriyarsa. Duk kaka in mun cika rumbu sai ki ware dami guda ki ce na Sahabi ne. Har kinka kwanta ciwon ajali ba ki daina ba.

Wani mai fataucin albasa ɗan Bafarawa ne ya gan shi yana dako a kasuwa. Na bi kwatance na same shi, Inna. Ya yi furfura, ƙafarsa ta dama ta kumbura saboda kaya. Da na faɗa masa rasuwarki bai yi kuka ba, ya dai juya wa jama'a baya. Sai da na yi ta lallashi kafin ya yarda ya biyo ni. Saboda ƙafar nan munka hau jirgin ƙasa, don ya samu inda zai miƙe ta.

Mun wuce gadar Jabba, hantsi ya dubi ludayi, sai jirgin ya tsaya tsakiyar daji. Can wani ma'aikaci ya bi taragu yana shela: jirgin kaya mai ɗauke da siminti ya sauka daga kan dogo a gabanmu, taragunsa sun kife sun tare hanya, amma ba a rasa rai ba. Anka ja mu da baya zuwa wata ƙaramar tasha. Nan anka ce masu zuwa Arewa su sauka, motoci za su zagaya da su ta daji zuwa Minna su kama wani jirgin. Wannan da muke ciki kuwa Ikko zai koma.

Kowa ya hau tattara kaya. Ɗanki bai motsa ba.

"Ka gani ko, Lawali?" in ji shi. "Hanya ta tsaya. Allah bai nuhe ni da gida ba. Da wace huska za ni shiga garin da anka rufe Inna ba ni nan? Tahi abinka."

Na roƙe shi. Na tuna masa damina, in gulbi ya cika, yadda kike hana mu ƙetarawa, ki sa mu zagaya ta garin Isa kina cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ya ce wannan maganar yara kinka yi wa. Tarago ya watse, saura mu biyu, motoci suna ta cika a waje. Inna, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, don na san in ya koma, ba mai sake ganinsa.

Sai na sauke jakata na zauna kusa da shi. Na ce, "To shi ke nan, Yaya. Mu koma tare. Ni ma za ni koyi dako."

Ya harare ni. "Geron fa? Ba kai kac ce ya nuna ba?"

"Tsuntsaye su ci."

"Gonar Baba za ka bar wa tsuntsaye? Kai har yanzu ba ka yi hankali ba?"

Da faɗan nan ya miƙe. Ya fizge jakata ya aza a kai, ya sauka yana ɗingishi yana mita, ni ina biye da shi ina danne dariya. Motar ƙarshe munka samu.

Zagayen nan ya ba mu wuya. Hanyar laka ce, motar ta kafe a wani kwari, maza duk munka fito turi. Na ce ya zauna saboda ƙafarsa, ya ƙi. Ya kafa kafaɗa a bayan mota yana ba da waƙa, Nufawa da Yarabawa da mu duk muna amsawa. Da ta fita, taya ta watsa masa taɓo har gemu. A nan na fara jin dariyarsa, kuma irin taki ce sak.

Daga Minna wani jirgin ya kai mu Zariya. Sauran hanyar a mota munka yi ta, Gusau, Kaura, Shinkafi. Daga nan sai Isa. Da munka hau babur ya riƙe rigata gam.

Goggo Hajo, ƙanwar Baba, tana sheƙar gero a ƙofar gida. Idonta ya yi rauni yanzu, amma tun daga nesa ta aje faifai ta ce wannan tafiyar ta ɗan yayanta ce. Kafin ya gama durƙusawa gidan ya cika. Ba wanda ya tambaye shi me ya kawo. Bayan la'asar na raka shi kabarinki, na ja baya na bar ku. Kukan da ya riƙe tun Ikko a nan ya yi shi.

Yanzu ɗakinki yake kwana. An duba ƙafar a asibitin Sabon Birni, kumburin yana saɓewa. Tare munka yanke geron, shi ke ɗaurin dammuna, yana cewa nawa ɗaurin na ragwaye ne. Ranar kasuwa wani ya tambaye shi yaushe zai koma Kudu, ya ce jirgin da za shi can ya daɗe da tafiya ya bar shi.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Mu kuma da kinka bari Ya riƙe mu wuri guda har ranar da za mu iske ki.

Naki har kullum,
Lawali, tare da gaisuwar Sahabi, wanda ke zaune nan gefena yana cewa in gaya miki ya iso.