Ni na sa lasilkin jirginmu ya tona wurin kamun kifin babanmu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da dukkan masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, don zagin da na yi wa kaina ya ishe ni. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Ni haifaffen Jidda ne, a unguwar Karantina aka haife mu, bayan rusau muka koma Waziriyya, idan kun ga Larabci ya kutsa cikin Hausata ku yi haƙuri.

Muna da ƙaramin jirgin kamun kifi da marigayi babanmu ya yi rayuwarsa a kansa. Yayana, Yaya Usman, shi ne yake fita teku da shi, tare da wani dattijo mutumin Damagaram, Malam Isuhu, wanda ya zo umara tun babanmu yana da rai bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, a wani ɗan ɗaki na ajiye komar kifi da igiyoyi yake kwana, a nan yake cin abinci, duk duniyarsa ke nan. Ni kuwa gyaran wutar mota nake yi, teku ba ta karɓe ni ba, ina hawa jirgi amai nake yi. To kwanakin baya rediyon da ke kafe a jirgin, wanda muke kira lasilki, ku kuma ku ce oba-oba, ya mutu murus, gishiri ya cinye cikinsa. Ba a fita teku babu shi, shi ake kiran agaji da shi idan inji ya tsaya. Yaya ya ce tunda ni ne na san kan waya, in je in zaɓo wani in ɗaura.

A shagon, mai sayarwa ya jera min kala-kala. Akwai irin na da, ka danna ka yi magana, halas, shi ke nan. Akwai kuma na zamani mai GPS a cikinsa, da wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi, wanda idan hatsari ya faru ka danna shi kawai, shi da kansa zai aika lambar jirgin da daidai inda yake. Wane mai hankali ne zai bar wannan? Na kira Yaya ina ta zumuɗi, sai kawai ya katse ni: "Ban son mai GPS. Sayo irin na Baba." Na ce, "Yaya, ranka fa ake magana." Ya ce, "Kai dai yi abin da na ce." Ya kashe waya.

Daga nan shaiɗan ya fara buga min ganga. Me mutum yake ɓoyewa a tsakiyar teku da ba ya son a san inda yake? Me ya sa idan na tambaye shi ina suka je, sai ya ce "can" ya canja magana? Me ya sa yake kashe wayarsa tun daga bakin ruwa, ya sa Malam Isuhu ma ya kashe tasa? Duk mun ji labarin jiragen da suke haɗuwa da wasu a teku su karɓi kayan da ba a faɗa. Idan aka kama shi da irin wannan, ba shi kaɗai za a kwashe ba, har ni da mahaifiyarmu sai a cusa mu jirgin sama zuwa ƙasar da ban taɓa takawa ba. Haka na riƙa gaya wa kaina. Amma tunda na ce gaskiya zan faɗa, akwai haushi ma a ciki, don ban taɓa jin daɗin yadda yake min magana kamar yaron shagonsa ba.

Sai mai shagon ya ƙara min wani bayani da ya ƙarasa ni. Ya ce na zamanin, idan wani jirgi yana da lambarka, yana iya tambayar lasilkinka inda kake, kuma ana iya saita shi ya riƙa amsawa da kansa ba tare da ya yi ƙara ba. Ya ce masu jirage biyu suna son wannan don su riƙa sanin inda juna yake. Wallahi ban ƙara tunani ba. Na saya, na bi ta hannun kafilinmu, ɗan ƙasar da takardunmu suke hannunsa, aka yi rajistar lamba, na ɗaura, na ja wayar eriya tsaf, na kunna wannan amsa-da-kanka ɗin na kashe sautinsa. Yaya ya zo ya tsaya a kaina yana hararar allon. Ya ce, "Waɗannan lambobin fa?" Na dube shi ido cikin ido na ce, "Na da ya ƙare a kasuwa, Yaya. Wannan kai kaɗai yake nuna wa, ba inda yake aikawa sai ka danna jan nan." Ya ce, "Ɗayyib. Allah ya yi albarka." Albarka ya sa min fa, jama'a.

To ni ba ni da jirgi, kuma daga gaɓa siginar ba ta kaiwa. Sai na je wurin wani abokina tun na ƙuruciya, Hamza, wanda yake tuƙa wa wani Balarabe jirgi. Na ba shi lambar, na ce idan yana teku ya riƙa dannawa ya gaya min ina Yaya yake zuwa da kuma ko wani jirgi yana matsowa kusa da shi. Ya yi dariya ya ce, "Min uyuni, ai wannan ƙaramin aiki ne." Bayan 'yan fita ya ce min, "Kwantar da hankalinka, wuri ɗaya yake zuwa kullum, ya jefa ƙugiya ya zauna, ba kowa sai tsuntsaye." Na ji sanyi a raina, har na ji kunyar zargin da na yi. Ban lura da yadda idon Hamza yake ƙyalli ba lokacin da yake faɗin "wuri ɗaya".

Ni da na tashi a gidan masunta, yaya aka yi ban gane ba? Kowane tsohon masunci yana da sha'abinsa, wato wasu duwatsu a ƙarƙashin ruwa inda manyan kifaye irin su najil da hamur suke taruwa, kuma ba a faɗa wa kowa. Babanmu da ido ya gano nasa, ta hanyar daidaita wani tsauni da wata hasumiya a gaɓa, bai taɓa nuna wa wani ba sai babban ɗansa da Malam Isuhu. Abin da Yaya yake ɓoyewa ke nan. Ba ƙwaya, ba fasa-ƙwauri, abincin gidanmu ne.

Ba a daɗe ba Yaya ya isa wurin ya tarar da jirgin su Hamza a kai. Bayan nan jirage suka zama uku, suka zama ban san adadi ba, har da masu zuba raga suna kwashe manya da ƙanana. Na je na tare Hamza, na ce wannan wace irin cin amana ce? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Teku ta Allah ce, ya habibi. Kuma wa ya kawo min lambar?" Na lallaɓa na kashe saitin a ɓoye, amma me ya rage? Kowa ya riga ya adana wurin.

Yanzu Yaya ya koma wani mutum daban. Ba ya cin abinci da mu, kowa kallon tuhuma yake masa, har ƙarƙashin kujerun jirgi ya bincika. Ƙarshe zarginsa ya tsaya a kan Malam Isuhu, don a lissafinsa su biyu ne kaɗai suka san wurin. A gabana ya ce masa, "Baba Isuhu, ubana ya ɗauke ka kamar ƙaninsa. Nawa suka ba ka?" Dattijon nan ya riƙe gemunsa, ya ce, "Usmanu, ni? Ni da na wanke gawar mahaifinka?" Ni kuwa ina tsaye ina kallonsu. Yaya ya ce idan ta tabbata, ya kwashe kayansa daga ɗakin. Mutumin da ba shi da takarda, a wannan shekarun nasa, ina zai je? Kwana nawa zai yi a titi kafin a kama shi?

Jiya bayan la'asar Malam Isuhu ya zo garejinmu da ƙafarsa. Ya zaro tsohuwar wayarsa daga aljihu, an ɗaure bayanta da roba, ya danƙa min a hannu. Ya ce, "Ɗana, yayanka ya ce kai ne masanin na'ura, abin da ka faɗa shi zai yarda da shi. Ga ta, ka bincika duk yadda kake so. Ni ban iya komai a cikinta ba sai kiran 'yata. Na gode wa Allah da ya sa kai ne alƙalin."

Wayar tana gabana yanzu da nake rubutun nan. Yaya ya ce bayan sallar Juma'a yake jiran amsata. Idan na ce ban ga komai ba, na san shi, cewa zai yi an goge. Idan na dage cewa dattijon nan ba shi da laifi, tambaya ta gaba ita ce to wane ne, kuma ba zai huta ba sai ya cire lasilkin ya kai shago an buɗe masa cikinsa. Idan kuma na faɗi gaskiya, zan gaya wa ɗan'uwana cewa na ɗauke shi mai fasa-ƙwauri, na yi masa ƙarya, na miƙa gadon ubanmu ga bare, sannan na tsaya ina kallo ana wulaƙanta tsoho saboda ni. Ban san ko zai ƙara kirana ƙaninsa ba, ban kuma san da wane ido zan kalli mahaifiyarmu ba.

Malam Isuhu ya ce zai dawo gobe ya karɓi wayarsa, don ranar ce 'yarsa take kiransa. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?