Idon Baba Mai Guga

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya gwiwar taki? In har yanzu kina hawa benen nan da bokiti, kada ki sake kawo mini kuka.

Kin ce na ɓace. Aikinmu na 'yan sanda ne ya sha mini kai. Oga ya miƙa mini fayil ɗin wani malamin makaranta da mota ta kashe, direban ya gudu. Kafin mu isa an ɗauke gawar, jama'a sun tattake wurin. Kyamarar shagon magani da ke kallon titin ashe ado ce. Duk wanda na tambaya sai ya ce shi ma zuwansa ke nan. Mutum ɗaya ne ya yarda ya yi magana, wani dattijo da ake kira Baba Mai Guga, teburinsa na bakin hanyar. Ya ce direban ya fito, ya leƙa malamin, ya ɗago suka haɗa ido, sannan ya koma mota. Ya kuma riƙe rabin lambar motar.

Da rabin lambar nan muka kamo mai motar bayan sati uku, har ya sake mata fenti. Ya rantse ba shi ke tuƙi ba ranar. Na roƙi oga mu jera shi cikin mutum takwas, Baba ya nuna shi, a rubuta a sa hannu. Oga ya ce ga fayil arba'in a gabansa, ina zai samo mutum takwas, ai Baba zai nuna shi a kotu. Kin san bakina a gida, amma a gaban oga cewa na yi to.

Ki shafa mini kan yara.
Taki, Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan jiki ya yi sauƙi. Na ji an yi miki allurar gwiwar, kuma an ce sai da mutum biyu suka riƙe ki.

Maganar malamin nan yau wata goma sha huɗu, zama bakwai, ba a saurari shaida ko sau ɗaya ba. Yau alƙali na hutu, gobe lauya ba lafiya, jibi an canza mai gabatar da ƙara, sabon bai karanta fayil ba. Direban, wato mai motar da muka kamo, yana kan beli, har ya yi ƙiba. Matar malamin ba ta taɓa fashi ba, tana zama a benci na biyu da jakarta a cinya. Baba ma kullum sai ya rufe teburinsa ya zo cikin riga mai kari kamar wuƙa.

Abin da ya sa na rubuto, zaman jiya na ga yana laluben matakala da ƙafa, ga tabon ƙuna a hannun rigarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana guga! Na matsa masa, ya ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Na rubuta takarda a gaggauta sauraronsa, an buga mata hatimi an ajiye. Yaya, tsoro nake ji.

Taki, Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Allah ya ƙara sauƙi.

An yi zaman, kowa ya hallara, karo na farko cikin shekara biyu. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. A baranda na raɗa wa Baba cewa wanda ake tuhuma yana tsayawa ne ta hannun hagu, ya miƙa yatsa can kawai. Ni, da kakina.

Baba ya ba da labarin tiryan-tiryan, bai manta ko launin takalmin direban ba. Da alƙali ya ce ya duba ko mutumin yana cikin ɗakin, sai ya ce ranka ya daɗe, ya yi rantsuwa, kuma inuwa kawai yake gani, ba zai nuna inuwa ba. Lauyan direban ya tambaye ni takardar da Baba ya taɓa nuna mutumin a ofishinmu. Na ce babu. Aka sallami direban.

Na yi zaton matar malamin za ta zage mu. Jakarta ta rataya, ta kama hannun Baba tana sauko da shi matakala, shi kuma yana ta ba ta haƙuri. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Muna nan direban ya zo wucewa yana kaɗa makullin mota, ya rusuna ya ce sannu Baba, a sauka lafiya. Baba ya amsa da fara'a, har da sa albarka. Sai ya juyo wajena ya ce 'yata, wane ne wannan mai ladabi haka?

Na ce masa wani ne mai wucewa.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta