Tururin da Ba Mai Karɓa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar nan?

Ƙanwarki, matata, ta sauka. Mace ce, amma bakwaini. Tana cikin kwalbar ɗumama jarirai a asibitin kamfani, tafin hannuna ya rufe bayanta kaf. Nas ta ce muddin tana samun ɗumi za ta yi ƙwari.

Ɗumin nan ne ya hana ni sukuni. Kin sha yi mini tsiya wai ni ne sarkin wutar kamfanin sukari. To, sarautar ta aro ce. Injin da nake kula da shi, tururi ne ke shigarsa da ƙarfi daga babbar tukunya, ya juya fuka-fukansa, a samu lantarki. Daga nan ya wuce da sauran zafinsa ta bututu zuwa wurin masu dafa ruwan rake. Ranar da suka daina ja, tururi ya rasa mafita, dole injina ya tsaya. Wutar asibiti kuwa daga nan take.

Bana rake ya ƙare da wuri. Janaretan asibiti ya mutu tun bara, ba wanda ya waiwaye shi. Babban asibiti yana da nisa, nas ta ce yarinyar ba za ta jure hanya ba. Na roƙi manaja a bar ni in riƙa sakin tururin sama. Bai musa ba, sai ya kai ni rumbun matsattsen raken da muke hura tukunya da shi. Har an share, ba sauran abin hurawa.

Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kowa lafiya.

Jiya aka sauke dahuwar ƙarshe. Ni na rufe bawul ɗin da ke shigar da tururi da hannuna, na tsaya har ƙugin injin ya mutu. Lafiyarsa ƙalau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Nas ta fito da yarinyar, ta ɗaure ta a ƙirjin uwarta, fata da fata. Ta ce kada a sauke ta ko kaɗan. Da gajiya ta ci ƙarfin uwar, sai ta yafito ni in tuɓe riga. Yarinyar a ƙirjina take yanzu, shi ya sa rubutun ya karkace. Ƙafafunta sun ƙi yin ɗumi.

Ki taho, don Allah. Ƙirji biyu ba su isa ba.

Ki gaida maigidan.

Ƙaninki,
Auta