Kofin Gefen Hagu

Yaya Marilou,

Gaisuwa mai yawa daga Makau. Ya jikin Mama? Ya yara? Na yi murna da jin za ku zo hutu ke da mijinki Dodong.

Garin nan sai wanda ya gani! Motocin gidajen caca kyauta suke kwaso baƙi daga filin jirgi. Inda nake aiki an zana sararin sama a rufi, kullum kamar hantsi. Ki sa takalmi marar tsini. Ƙafata ce ta koya mini, amma ta saba.

Ki ja wa Dodong kunne kan dafa kafaɗar mutane. Jiya wani ya dafa wata tsohuwa tana tsakar wasa, ta daka masa tsawa: "Ka zubar mini da sa'a, ɗan banza!"

An hana mu gaisawa da 'yan'uwa a bakin aiki. Idan na zo da tiren shayi kamar ban san ki ba, kada ki kira sunana. Ki ɗauki kofin gefen hagu. Shi zan cika wa madara, yadda kike so.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki,
Jovelyn