Tayoyin Motar Baba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen gareji. Mu dai sai godiya. Ƙafar Baba ta hagu ta ƙara nauyi, yanzu sai da sanda yake kaiwa ƙofar gida. Kullum gari ya waye tambayarsa ɗaya ce: yaushe za ka dawo masa da a-kori-kurarsa? Ya ce ba tuƙi yake so ba, ya san wannan ya wuce. A zaunar da shi a gaba kawai, a zaga da shi gari, ya ji ƙarar injin da ya ciyar da mu. Ka ce inji ya tashi, an yi fenti. To me kuma kake jira? Na san halinka, ko maɓalli aka ba ka ka ɗinka sai ka mai da shi aikin shekara.

Taka,
Yaya

Yaya,

Na gaishe ki, a gaida Baba da jiki. Ki kwantar da hankalinki. Motar nan ba zan kawo ta da waɗancan 'yan tayoyin masu kamar faifai ba. Na samo manya, masu faɗi, kowace ta kusa kai min ƙugu. Sun ƙi shiga, sai da mai walda ya yanke ƙarfen da ke saman tayoyin, muka ɗaga sifirin, muka sake zaman sitiyari. Yaya, ba ki ga yadda ta miƙe ba! Masu wucewa har tsayawa suke yi. Baba ya sha raini a cikin motar nan, ana ce mata gwangwani. So nake ranar da zai shiga, kowa ya ɗaga kai kafin ya gan shi.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Ka juya mota ka tafi ko ruwa ba ka sha ba, don haka abin da ban faɗa maka ba zan rubuta.

Ba ka san tun da safe Baba ya sa na goge masa farar riga ba. Shi da kansa ya aika aka kira tsofaffin abokansa direbobi su zo su gani. Kai kana zaune can sama kana danna hon, ni ce nake riƙe da hannunsa. Ya kama ƙofa ya ɗaga ƙafar mai lafiyar, ba ta kai ko rabi ba. Ya sake gwadawa, har hularsa ta faɗi. Da ka diro ka ce a kama a ɗaga shi, ka ji abin da ya ce: “Ni ba buhu ba ne.” Abin da ba ka ji ba shi ne na cikin ɗaki. Ina cire masa rigar ya ce, “Ta yi kyau. Motar wa ce?”

Na ji haushinka, Auta, har yanzu ina ji. Ka gyara mota don masu kallo, ka manta da ƙafar mai ita.

Yaya

Yaya,

Ina gaisuwa. Na cire manyan, motar tana kan duwatsu a bayan gareji. Tsofaffin tayoyin kuwa tuni 'yan gwangwan suka kwashe da ƙarafunansu, kuma irinsu an daina yi. An kwatanta min wani tsoho a can nesa mai tara matattun motoci, gobe zan kama hanya. Ƙarfen da aka yanke ba zai koma yadda yake ba, amma za ta sauko daidai ƙafarsa. Ki gaya masa ina tafe. Ki ce ya yafe min.

Auta

Auta,

Sai haƙuri. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Laraba da hantsi. Mun aika gareji, aka ce ka tafi neman taya, ba wanda ya san garin. An jira ka iya jira, sannan aka kai shi.

Na karanta masa wasiƙarka. Ya ce ba ka yi masa komai ba, Allah ya yi maka albarka. Amma tun ranar da ya kasa shiga bai sake tambayar motar ba.

Kada ka yi gudu a hanya.

Yayarka