Na saka ƙanen matata a rukunin rance ba da shaida ba

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma a kai ƙarshe kafin a zage ni, don na riga kowa zagin kaina.

Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, ni ke riƙe da wani rukunin rance a waya. Mun kafa shi ne saboda banki takardar gida yake nema da kuɗin ruwa. Mai buƙata zai faɗi abin da yake so, kowa ya tura masa abin da ya sawwaƙa, ya mayar bayan kaka. Dokokinmu biyu ne. Ba a shigar da kowa sai mutum biyu sun tsaya masa, kuma duk wanda kuɗinsa suka cika nakan rubuta sunansa da adadin a rukuni, don gudun zargi.

Ni na karya ta farko. Ƙanen matata da ke Zurmi ya ce in saka shi, na ce sai da shaidu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, mun ba ka mata ba mu nemi shaidar banki ba." Kunya ta kama ni, na rubuta sunayen wasu dattawa biyu da ko fuskarsa ba su sani ba, a matsayin waɗanda suka tsaya masa.

Bai taɓa bayarwa ba, bai taɓa nema ba. Karantawa kawai yake yi. Washegarin ranar da na sanar da cikar kuɗin wani mai sayen hatsi a Moriki, 'yan bindiga suka tare motarsu, suka sauke shi shi kaɗai. Fansar da suka nema daidai take da abin da na rubuta, har da 'yan canjin da ke kai. Na ce dace ne. Sai aka maimaita a kan wani mai sayar da taki a Shinkafi. To wa ke karanta musu? Kuma wane ne a cikinmu babu wanda ya tsaya masa?

Na kira ƙanen matata na ce zan rage mutane a rukunin. Ya ce, "Bar ni ciki, Yaya. Yaran suna jin daɗin sabuwar Islamiyyar tasu ta bayan tasha?" Kwana uku ke nan da mayar da yarana can, kuma matata ta ce rabonta da shi tun Sallah.

Ranar Juma'a kuɗin maƙwabcina Malam Sani za su cika, zai sayi shanun noma. Jiya ya ce mini, "Ka sanar da wuri, jama'a su ga amana." Idan na sanar, na san abin da nake tsoro. Idan na faɗi zargina, a nan ba a jiran hujja kan wanda aka kira infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma tambayar farko ita ce su wa suka tsaya masa. Sunayen dattawan nan biyu suna rubuce da hannuna.

Yau Laraba. Me zan yi?